Ba a Ce Su Ajiye Biro Ba

Tabarau ne ya mayar da Farfesa cikin jami'a da yammacin nan. Ya riga ya isa gida, ya cire takalmi, matarsa ta ajiye masa ruwa, sai ya laluba aljihun gaba ya ji wayam. Nan ya tuna ya bar shi a kan teburin jawabi na Zauren Tunawa, inda suka wuni suna gwajin taron gobe. Shi kuwa in ba tabarau, ko sunansa aka rubuta da manyan baƙaƙe sai ya tambaya.

"Ka bari sai da safe mana," in ji matar. "Magariba ta kawo jiki."

"Da safe 'yan jarida sun cika wurin. So kike su ɗauki hotona ina laluben ƙarƙashin tebur?"

Zaman shekara talatin ya koya mata cewa in dai magana ta taɓo hoto, to maigidan ba ya ji ba ya gani. Ya ɗauki makullin mota ya fita.

Kafin ya isa, bari in gaya muku ko wane ne wannan mutum, don kada ku ɓarnatar da tausayinku a banza.

Shekara talatin da huɗu da suka wuce, ana tsakiyar yaƙi, igwa na ruri a bayan gari, jami'a ta kafe kan cewa sai an yi jarrabawar ƙarshen shekara. Ɗalibai sittin da uku suka shiga zaure na biyu da ƙarfe tara na safe. Kafin sha ɗaya harsashin igwa ya faɗo kan rufin, wuta ta kama, ko mutum ɗaya bai fito ba. Wanda ya tsira shi ne ƙaramin malamin da aka sa tsaron jarrabawar. Shi ne Farfesan nan namu.

A kan wannan rana ya gina rayuwarsa kaf. Littafi uku ya rubuta a kanta. Shi ya matsa har jami'a ta ƙirƙiro kwas na dole a kan abin da ya faru, duk ɗalibin shekarar farko sai ya yi, shi ke koyarwa, shi ke fitar da tambaya, shi ke ba da maki. Ɗalibai suna kiransa Ganau, don ba ya haɗa jimla uku bai ce "ni ganau ne" ba. A mako na takwas yakan ɗora ƙafa kan kujera, ya naɗe wando, ya nuna musu tabon ƙuna a ƙwaurinsa, ya yi shiru yana kallon silin har sai wata ta fara sharar hawaye. 'Yan shekara ta biyu har gaya wa sababbi suke yi su kama kujerar gaba a makon nan, wai ranar nuna ƙwauri ce.

Labarin da yake bayarwa shi ne yana ciki lokacin da abin ya faru. Wai ya yi ta kokawa da ƙarfen taga, wai ya riƙe hannun waɗanda suka cika a gabansa, wai bango ne ya tsage ya wurgo shi waje. Iyayen yaran sun ji wannan daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya, sun kuma gode masa.

Ga kuma abin da bai taɓa shiga littafi ba. Ran nan abokin tsaronsa bai zo ba. Shi kuma ya ji ƙishin-ƙishin cewa akwai motar da za ta kwashe malamai ta fitar da su gari, yana so ya je ya kama wuri. Amma mai tsaron jarrabawa ba ya barin ƙofa a buɗe, kada wani ya fita da tambaya ya dawo da amsa, a rubuta shi a rahoto ya rasa aiki. Sai ya dubi yaran ya ce, "Ba mai tashi sai na dawo na ce a ajiye biro." Ya fita, ya ja ƙyauren biyu, ya zarga sarƙa ta waje, ya danna kwaɗo. Lokacin da rufin ya kama yana kan hanyar dawowa, taku ashirin tsakaninsa da ƙofar, makulli na aljihunsa. Ya ji bugun ƙofa da kunnensa. Wani mai babur ya zo wucewa a guje, ya daka tsalle ya haye bayansa. Salansar babur ɗin ce ta ƙona masa ƙwauri. Makullin kuwa a kwalbati ya jefa shi, sojojin da suka kwashe ɓaraguzai kuma ba su da lokacin tambayar wa ya sa sarƙa.

Gobe za a raɗa wa zauren sunansa. Abin da ya rage masa a duniya ke nan, sunan nan, da kuma kada kowa ya san abin da ke ƙarƙashinsa.

Ya ajiye mota a gindin bishiya, ya bar wayarsa a kan kujera don abin minti biyu ne. Harabar ta yi tsit. An jera kujerun roba ƙarƙashin rumfa, an ɗaura ƙyallaye, allon sunansa na jikin bango lulluɓe da farin yadi. Ya tsaya ya ɗaga gefen yadin ya leƙa, ko da yake ba ya iya karantawa. Ya shafa baƙaƙen da yatsa ya ji su daidai, ya saki.

Ƙofar zauren a buɗe take kaɗan. Kujerar mai gadi ba kowa, sai buta da 'yar rediyo tana shi-shi-shi. Farfesa bai yi sallama ba, bai nemi kowa ba. Shi da gaida mai gadi sai dai in akwai baƙi a kusa.

Jami'a ta sake gina zauren kamar yadda yake a da, har da ƙarafan tagogin. Tebur sittin da uku a jere, kowanne da lambarsa, da farar takarda, da biro, da furen roba guda ɗaya. Na roba suka zaɓa don ba ya son ruwa, shekara-shekara a kaɗe masa ƙura ya koma aiki. Agogon bango an tsayar da shi a kan goma da minti arba'in, wannan ma dabarar Farfesa ce, ya sha yabo a kanta. Wurin na warin sabon fenti da maganin goge ƙasa.

Ya ratsa tsakanin teburan zuwa can ƙarshe, takalminsa na ƙwas-ƙwas. Tabarau ba ya kan teburin jawabi. Ya yi tsaki, ya durƙusa da ƙyar, ya cusa kai ƙarƙashi yana lalube a cikin wayoyin lasifika.

Yana nan a duƙe ya ji ƙyaure ya haɗu da ƙyaure. Ya ji sarƙa tana bin ƙarfe, ƙarar-ƙarar-ƙarar. Sannan kwaɗo ya ce ƙas.

Shi da hannunsa ya sa hannu a takardar umarnin da ta ce a riƙa ɗaure zauren da sarƙa da faɗuwar rana, saboda ɗalibai na shiga su yi karatu a ciki don sanyinsa. Mai gadi ya leƙo, bai ga kowa ba, ya yi aikinsa.

"Kai," in ji Farfesa, yana miƙewa. "Kai, mai gadi."

Shekara goma sha biyu tsohon yana bakin ƙofar nan, Farfesa bai san sunansa ba. Ya ji rediyon tana nisa, tana nisa, har ta ɓace. Ya taho da sauri ya jijjiga ƙofar. Ta buɗe faɗin yatsa biyu, sarƙar ta riƙe. Makunnin wuta a waje yake, cikin akwatin mai gadi. Ba haske sai ɗan ja-jan da ke shigowa ta tsakanin ƙarafa, shi ma yana tafiya.

Ya ce a ransa gobe sai ya sa an kori tsohon nan. Tabarau na hannunsa, ya same shi a daidai lokacin da aka rufe ƙofar. Ya goge shi da bakin riga.

Sai ya ji warin ya canza. Fentin ya tafi. Abin da ya maye gurbinsa ya san shi, hancinsa bai taɓa mantawa ba: katakon silin da ya ɗauki zafi, da roba, da wani abu kamar gashi a kan garwashi.

Sannan ƙarar ta fara. Ƙasa-ƙasa, daga bayan zauren. Ƙar-ƙar-ƙar. Ya ce ɓera ne. Wata ta ɗauka daga hagu, wata daga dama, wata nan kusa da gwiwarsa. Duk malamin da ya taɓa tsaron jarrabawa ya san wannan ƙara ko a mafarki. Biro ne a kan takarda, da yawa, kowa na sauri.

Wani ya juya shafi.

Wata ta yi tari, irin tarin da ake dannewa don kada a dami na kusa.

Da Farfesa yana da wayo da ya bar tabarau a hannu. Ba shi da shi. Ya ɗaga ya maƙala.

Duk teburan a cike suke. Kawuna a sunkuye, kafaɗu a duƙe, riguna irin na da masu faɗin kwala. Ba wanda ya dube shi. Hannuwansu na tafiya a kan takarda, duk motsin da hannu ya yi sai toka ta zubo daga hannun riga ta taru a gefen tebur. Furannin roba sun lanƙwashe suna ɗiga.

Ya jingina bayansa da ƙofa.

A layi na uku wata yarinya ta ɗaga hannu. Ba ta ɗago kai ba, hannun kawai, a miƙe, tana jira kamar yadda doka ta ce.

"Malam," in ji ta cikin raɗa. "Ƙarin takarda."



Wani hannun ya tashi a bayanta. "Malam, saura minti nawa?"

Idonsa ya tafi kan agogo da kansa, sabo ne na aiki. Goma da arba'in. Shi ya tsayar da shi a nan, shi ya karɓi tafi.

"Akwai hayaƙi," in ji wata murya can baya, a hankali, kamar mai jin kunyar faɗa.

"Yi shiru," wani ya amsa mata. "Malam ya ce ba mai tashi."

To, ku ji abin da mutumin nan ya yi. Da wani ne, da ya faɗi ƙasa ya nemi gafara. Wani kuma da salati zai yi. Shi gyaran murya ya yi, ya ɗauko muryarsa ta lacca.

"Ku saurara," ya ce. "Ni ne na raya sunayenku. Ba don ni ba da an manta da ku tuntuni. Littafi uku na rubuta. Duk shekara ɗalibai dubu huɗu suna haddace sunayenku, wanda ya kasa ya faɗi. Wannan zauren ma ni na..."

Wani saurayi a layin gaba ya ɗaga hannu.

"Malam, surutu ya yi yawa. Jarrabawa muke yi."



Zafi na ƙaruwa. Silin ya fara ƙara, tas, tas, kamar ana taka busasshen kara. Gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu. Hasken tagogin ya kusa ƙarewa, amma zauren bai yi duhu ba, wani ja ne ke saukowa daga sama.

Sai dabara ta zo masa, irin dabarar malamin da ya saba komai na ƙarewa da umarninsa. Jiransa suke yi. Kalma uku ce ta riƙe su a nan shekara talatin da huɗu. In ya faɗe ta, shi ke nan, kowa ya kama gabansa, shi ma ya je ya kwanta ya tashi ya karɓi allonsa. Har wani ɗan daɗi ya ji a ransa, wai shi mai basira.



"Lokaci ya yi," ya ce. "Ku ajiye biro."

Biro sittin da uku suka sauka a kan katako lokaci ɗaya.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar muni.

A nan ya gane wautarsa. Duk wanda ya taɓa zama ajin jarrabawa ya san abin da ke biyo bayan wannan magana. Ana tashi. Ana kai wa malami takarda. Sannan a nufi ƙofa.

Shi kuwa a jikin ƙofar yake.

Kujeru suka ja baya. Suka miƙe layi-layi, ba turereniya, yara ne masu tarbiyya. Ta farko ta iso gabansa, kanta a ƙasa, ta ɗora masa takardarta a hannu. Ya karɓa, don hannun malami ba ya ƙin karɓar takarda. Zafinta kamar murfin tukunya. Ya duba. Ba fari ko kaɗan a jikinta, an yi rubutu a kan rubutu a kan rubutu har shafin ya zama baƙi ƙirin, don ba wanda ya ba su ƙari.

Na biyu ya ɗora tasa. Ta uku. Na huɗu.

Fatar tafinsa ta fara tashi. Ya kasa saki.

Wanda ya miƙa sai ya koma gefe ya tsaya yana fuskantar ƙofa. Suka taru a hagunsa, suka taru a damansa. Ba numfashi a cikinsu, sai nasa.

Na ƙarshe ya ajiye tasa. Sannan suka ɗago kai gaba ɗaya.

Ba zan gaya muku abin da ya gani ba. Shi ma bai taɓa faɗa ba, shi da bakinsa ba ya gajiya.

"Malam, mun gama."

"A buɗe mana."

"Ba ni da makulli," ya ce. Muryar ta fito siririya kamar ta yaro.

"Yana aljihunka."

"Wallahi ba..."

"Mun ji ƙararsa," in ji yarinyar layi na uku, dab da kunnensa. "Lokacin da kake gudu."

Wani abu ya faɗo daga silin ya tarwatse a kan teburan baya.

Suka matso.

Ba duka, ba shaƙa. Ƙofa kawai suke nema, shi kuma yana tsakani. Ƙirji a ƙirjinsa, gwiwa a cinyarsa, hannuwa ta saman kafaɗarsa suna laluben katako. Takardun suka zube. Ya juya da ƙyar, fuskarsa ta manne da ƙyaure, ya sa bakinsa a 'yar kafar nan mai faɗin yatsa biyu yana zuƙar iska.

Ta kafar yana hango harabar. Bishiya, motarsa, kujerun roba. Taku ashirin.

Haƙarƙarinsa ya fara ƙara.

Ya ɗaga tafukansa da suka sale ya buga ƙofar. Ya sake bugawa. Hannuwa suka taya shi, sama da ƙasa, ko'ina. Ya san wannan bugu. Ta waje ya taɓa jin sa.

"Na jefar," ya ce cikin kafar. "A kwalbati na jefa shi. Ni na rufe ku. Ni ne."

Ba su sassauta ba. Ba tambayarsa suka yi ba, fita suke so.

Idonsa ya fara rufewa.

Sai sarƙar ta motsa.

Ƙyauren ya buɗe, ya zube a kan simintin waje da fuska. Iska mai sanyi ta wuce ta kansa, ta daɗe tana wucewa, har ƙyallayen rumfa suka ɗaga suka koma. Da ya iya juyawa sai ya ga tsohon mai gadi tsaye da tocila da kwaɗo a hannu. Tsohon ya haska cikin zauren. Tebura a jere, takardu farare, furanni a miƙe, warin fenti.

"Sannu, ranka ya daɗe," in ji mai gadi. Ya dubi hannuwan Farfesa, ya kawar da kai. "Duk shekara ranar jajibirin taron nan ina jin bugun nan. Ba na buɗewa. Yau ne dai na ji muryar tsoho a ciki, na kuma ga motarka."

"Me ka ji na ce?"

Ka ji fa. Mutum ya fito daga bakin mutuwa, tambayarsa ta farko ke nan.

"Ni mai gadi ne, ranka ya daɗe," in ji tsohon. "Ba a ɗauke ni aikin ji ba."

Kuna tsammani ya fasa zuwa taro? Ai ba ku san shi ba. Ya gaya wa matarsa murfin injin mota ne ya ƙona shi, ya gaya wa kansa hawan jini ne da gajiya. Da safe ya sa doguwar rigar farfesoshi da hula mai tuntu, hannuwa naɗe da bandeji, ya hau kan dandamali. Magatakardan jami'a har cewa ya yi bandejin zai yi kyau a hoto.

Zauren ya cika. Manya a kujerun alfarma, iyayen mamatan da suka rage a wani ɗan benci kusa da dandamali, ɗalibai a tsaye jikin bango don an ce za a ɗauki sunan wanda bai zo ba. Teburan nan sittin da uku ba kowa a kansu, ya duba ya sake dubawa. Ya fara jawabi lafiya lau, har ya kai wurin da yake kokawa da ƙarfen taga. Daidai nan shugaban jami'a ya shigo a makare, jami'an tsaro suka ja ƙyauren biyu a bayansa suka haɗa.

Ba aljani, ba wari, ba komai. Ƙarar ƙyaure kawai.

"A buɗe ƙofar nan," in ji Farfesa a cikin makirfo. Aka yi 'yar dariya. "A buɗe. Ni na rufe su. Da sarƙa, ta waje, makullin yana aljihuna. Ban riƙe hannun kowa ba. Babur na hau."

Wani mai hankali ya zare wayar lasifika. Magatakarda ya taso da murmushinsa, ya rungume shi, ya juyo ga jama'a ya ce su dubi girman mutumin nan, shekara talatin da huɗu yana ɗora wa kansa laifin abin da yaƙi ya yi. Aka tashi tsaye aka yi tafi. Aka ja farin yadi, sunansa ya bayyana, aka ɗauki hoto. A zangon da ya biyo baya har shafi guda aka ƙara a takardun kwas ɗin, kan yadda wanda ya tsira yakan zargi kansa ba gaira ba dalili, kuma ya fito a jarrabawa.

Sunansa na nan a jikin bango har yau. Shi ne dai bai ƙara taka harabar ba. Ya sa kafinta ya cire duk ƙofofin gidansa, har ta banɗaki, matarsa ta yi mita ta gaji ta rataya labule. Mai gadi kuma ya daina sa sarƙa, an rubuta masa takardar gargaɗi sau biyu, ya ninke ya sa a aljihu.

Bayan kamar wata guda wata tsohuwa ta zo gidan. Tana cikin masu zama a bencin nan na kusa da dandamali, inda ba a bukatar lasifika kafin a ji. Ɗanta na fari yana cikin sittin da ukun. Ta yi sallama a bakin falon da ba ƙofa, ta cire takalmi, ta ƙi zama.

"Ba faɗa na zo yi ba, Malam," ta ce. "Ban da ƙarfinsa. Shekarar da abin ya faru ka zo har ɗakina ka ce min a hannunka ya cika, ka ce bai wahala ba. Tun ran nan duk addu'ar da zan yi sai na sa ka kafin na sa shi. Da wannan maganar taka nake samun barci."

Farfesa ya buɗe baki. Mutumin da ya cika littafi uku, ko kalma ɗaya ba ta zo ba.

"Tambaya ɗaya ce da ni. Tunda ba kai ba ne, wa ya riƙe shi?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa.

Ta jira shi har ta ga ba amsa. Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ba kowa ke nan," in ji ta.

Ta duƙa da ƙyar ta sa takalminta, ɗaya bayan ɗaya, ta fita.